KOWA YA CI LADAN KUTURU

Jawabi ga manoma da makiyaya da matan Karakkai da kewaye. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a zaure, da cikin gida.



Dattawan Karakkai, iyayena, ina gaisuwa. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke saurare daga bayan danga, sannunku da aiki. Samari majiya ƙarfi, da baƙin da suka taso daga ƙauyukan Bungudu, da na Tsafe, da na Gusau, sannunku da hanya.

Na san abin da kuka saba gani. Duk lokacin da zaɓe ya matso, sai mota ta shigo gari da lasifika, mutum ya hau bisa, ya zagi ɓarayin Abuja har muryarsa ta dushe, ku yi tafi, a raba abin da za a raba, mota ta tashi ta bar ku da ƙura. Ɓarayin Abuja suna nan, ban ce babu su ba. Amma yau maganata a kan abin da ke tsakanina da ku ne, abin da ke cikin kasuwarmu, da gonarmu, da aljihun rigarmu. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowa ya san laifin ɓera. Yau daddawa za mu shinshina.

SUNAYENSA DA YAWA, HALINSA ƊAYA

Jama'a, cin hanci ba ya zuwa da sunansa na yanka. Wani ya kira shi goro. Wani ya ce gaisuwa. Wani ya ce na shan ruwa, wani ya ce kashi goma cikin ɗari, wani kuwa ya ce ai ihsani ne. To, ga yadda za ka gane shi. Kyautar da ka kai wa maƙwabcinka da matarsa ta haihu, wannan zumunci ne, Allah ya ba ka lada. Amma abin da ka miƙa wa mai riƙe da aiki don ya ba ka abin da ba naka ba, ko don ya sakar maka abin da dama naka ne, wannan hanci ne ko da ka naɗe shi da ganyen goro.

Malamanmu suna zaune, in na yi kuskure su gyara mini. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an aiki wani mutum karɓar zakka. Da ya komo sai ya ware wani abu gefe, ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah bai yarda ba. Ya nuna cewa da mutumin nan ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta zo masa. Watau ba shi aka ba, kujerar da yake bisa aka ba.

Kuma ba sai mun tafi nesa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa halayen mulkin zalunci, ya sa gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikinsu, tare da harajin da ake ɗora wa talakawa ba bisa ƙa'ida ba. Garin Gusau kansa, almajirin Shehu ne, Malam Sambo Ɗan Ashafa, ya kafa shi. Saboda haka in mun ce a ƙi cin hanci, ba baƙuwar magana muka kawo daga Turai ba. Gadonmu ne muka yar, muke so mu tsince shi.

ABIN DA NA GANI A WURIN AWON AUDUGA

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Ina yaro na raka mahaifina wurin awon auduga. Mun yi sammako da jakuna biyu, muka tarad da layi. Kowa ya san dokar wurin, ko da ba a rubuta ta ba: in ka saka wa malamin sikeli wani abu a ƙarƙashin littafi, audugarka ta zama lamba ɗaya, a auna ka da wuri. In ba ka saka ba, ka wuni a rana, a ƙarshe a ce audugarka da datti. Mahaifina bai saka ba. Muka wuni har la'asar, aka rage masa daraja, muka komo da kuɗin da bai kai na maƙwabcinmu ba.

A hanya na yi fushi, na ce, "Baba, ai da ka ba shi sule ɗaya da mun riba." Ya yi shiru har muka kusa gida, sa'an nan ya ce, "In na ba shi bana, baɗi sule biyu zai nema, kuma daga hannun wanda ya fi ni talauci."

Ran nan mun yi hasara, ba na ɓoye muku. Ba zan tsaya nan in ce muku wanda ya ƙi hanci kullum yana riba ba, ƙarya ne. Amma ku duba lissafin tsohon nan. Kowane sule da aka ba malamin sikeli, farashin layi yake ɗagawa ga na baya. Mai ba da hanci yana tsammani kansa ya ceta, alhali kuwa maƙwabcinsa ya sayar.

INDA YAKE CIN MU

Ku zo mu bi shi ɗaki ɗaki.

Na farko, kasuwa. Tiyar saye daban, tiyar sayarwa daban. A bubbuge gindin mudu don ya rage ci. A zuba tsakuwa ko ƙaiƙayi a ƙasan buhu, a sa mai kyau a baki. A yayyafa wa auduga ruwa don ta yi nauyi. Akwai sura guda a Alƙur'ani da aka saukar da sunan masu tauye awo, yaranmu na makarantar allo sun haddace ta. To, wanda ya tauye mudu ran kasuwa, da wane baki zai zagi wanda ya tauye kuɗin hanya? Girman buhun ne ya bambanta su.

Na biyu, taki. Kun san yadda ake yi. A ce gwamnati ta kawo taki mai rangwame, a rubuta sunaye, rabin sunayen na mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, wasu ma sun daɗe a kabari. Takin ya fito ta bayan sito, ka same shi a kasuwa da tsada, kuma bayan shuka ta wuce lokacinsa. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Lokacin da gwamnatin tarayya ta kawo tsarin raba taki ta wayar hannu a 2012, ministan gona na lokacin, Akinwumi Adesina, ya ce a tsohon tsari kashi 11 cikin ɗari na manoma kaɗai ke samun takin. Ina sauran yake tafiya? Kuma wa ya rubuta sunayen ƙarya? Ba aljani ba ne. Ɗan wani gida ne a cikinmu, muna gaisawa da shi a masallaci.

Na uku, shari'a da ƙasa. Nan ne abin ya fi ciwo. Shanu su ci gonar manomi, a je gaban hukuma, a tatse makiyayi fiye da ɓarnar da ya yi, manomin kuma bai ga ko rabin abin da aka karɓa da sunansa ba. Dukansu biyu su koma gida da ƙulli a zuciya. A yanka burtali a sayar, a yanka makiyaya a raba wa masu hannu da shuni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba na ce wannan kaɗai ne ya jawo mana bala'in 'yan bindiga ba, amma yana cikin tsagar bangon. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon shugaban 'yan sandan Nijeriya Muhammad Dahiru Abubakar, ya ba da rahoton cewa akwai hannun waɗansu masu sarauta da waɗansu jami'ai a cikin al'amarin. Kun tuna Fabrairun 2021, da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Kun tuna Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Don me aka yi haka? Don akwai masu kai wa 'yan daji labari, da mai, da abinci. Mutumin da ya karɓi kuɗi ya nuna gidan da aka sayar da sa, hanci ya ci, kuma da jinin maƙwabcinsa aka biya shi.

LISSAFIN ƘURI'A

Yanzu mu zo ga abin da ya tara mu. Daren zaɓe za a ƙwanƙwasa ƙofa. Za a kawo kuɗi, ko turmin atamfa, ko taliya da sabulu da magi. Ku yi lissafi da ni. A ce an ba ka naira 5,000. Wanda ka zaɓa zai yi shekara 4 bisa kujera, watau kwana 1,460 da ɗoriya. Raba 5,000 gida 1,460. Bai kai naira huɗu a rana ba. Haba jama'a! Me naira huɗu ke saye a kasuwar Bungudu yau? A kan wannan ne za ka ba da asibitin matarka, da makarantar ɗanka, da hanyar da za ka fitar da amfanin gonarka?

Kuma kada ka ɗauka kyauta ya yi maka. Jari ya zuba. Ɗan kasuwar da ya zuba jari, riba yake jira. Kuɗin da ya raba daren zaɓe, daga kuɗin rijiyar burtsatse zai fanshe su, ninki ba ninki. Ran da ka je ofishinsa da kuka, masinja zai tare ka a ƙofa, in ma ka samu shiga ya dube ka ya ce a ransa, ai na biya ka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Askin nan kuwa na shekara huɗu ne.

Doka ma ta yi magana. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yanka tarar da za ta iya kai naira 500,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun, a kan cin hancin zaɓe, kuma ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa.

Na san abin da wani ke faɗi a ransa. Yana cewa, "Malam, kai ka ƙoshi. Ni bana ban noma gonata ta nesa ba don tsoro, rumbuna ya yi ƙasa, yara na kuka. In an kawo mini taliya in mayar?" Ɗan'uwana, ban raina yunwarka ba, kuma mafi girman laifi yana wuyan wanda ya bar ka da yunwa don ya saye ka da araha. Amma ka lura, yunwar nan ita ce jarinsa. In ka ƙoshi, wa zai saya? Mai sayen ƙuri'a ba ya son ranar da za ka fi ƙarfin taliyarsa.

Wani kuma zai ce, "Ai sai in karɓa, in shiga in zaɓi wanda nake so." Wannan dabara ta daɗe, ga inda ta kai mu. Da farko, sukan sa ka rantse, ko su ce ka ɗaga takarda a gani, ka shiga tsakanin karya rantsuwa da cin amanar kanka. Na biyu, muddin ana karɓa, to kasuwar na ci. Mutumin kirki da ba shi da buhun kuɗi ba zai ko fito takara ba, don ya san ba a sauraron mai hannu wofi. Sai a wayi gari duk 'yan takarar masu buhu ne, ka rasa na zaɓe.

AN YI MASU ƘI, KUMA A NAN KUSA

Kada wani ya ce muku haka duniya take, ba a iya kome. Nan Maru, maƙwabtanmu, Malam Aminu Kano ya yi aikin koyarwa a makarantar horon malamai a ƙarshen shekarun 1940. Yana da albashi, yana da girma, da ya so da ya yi shiru ya hau manyan muƙamai. A 1950 ya ajiye aikin ya shiga gwagwarmayar NEPU. Mutanensa sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e. Hajiya Gambo Sawaba, mace ce, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Malam ya riƙe minista a zamanin Janar Gowon, amma da ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 bai bar tarin dukiya ba. Gidansa na Mambayya yana nan a Kano, kowa na iya zuwa ya ga irin zaman da ya yi. A 1979 kuma, gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Ƙuri'ar talakawan da suka ƙi sayarwa ce ta yi wannan aiki.

Dokoki kuwa, mun ga iri iri. Janar Murtala ya kori dubban ma'aikata a 1975. A 1984 aka yi Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Aka kafa ICPC a 2000, EFCC ta fara aiki a 2003. Jiharmu, wadda aka cire daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, ita ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka soma aiki da ita a Janairun 2000. Duk da haka takin bai daina fita ta bayan sito ba. Me ya sa? Don doka takarda ce, sai da mutum take tafiya. In alƙali, da ɗan sanda, da mai shaida, da mai ƙara duk sun yarda a sasanta da goro, wa zai buɗe littafin?

ABIN DA KOWA KE IYA YI

Ban zo in ce ku ɗauki sanda ba. Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya. Duk kuɗin da ka biya hukuma, a kasuwa ko a asibiti ko a ofis, nemi rasit. In an ce babu, tambayi dalili da ladabi, a gaban mutane.

Biyu. Kada ka je neman haƙƙinka kai kaɗai. Mutum ɗaya ana iya tsorata shi ko a toshe masa baki. Mutum goma da dattijo a gaba, sai a ba su kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Uku. In za a raba taki, ko iri, ko kayan agaji, ku nemi a karanta sunaye da ƙarfi a dandali kafin a buɗe sito. Sunan matacce ba ya jure wa a kira shi a gaban 'ya'yansa.

Huɗu. Ku tambayi kansila da ciyaman nawa ya shigo. Jiharmu na da ƙananan hukumomi 14, kowace ana ware mata kuɗi duk wata. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ku tambaya ko ya iso, in ya iso me aka yi da shi. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuɗinku ne.

Biyar. Katin zaɓenka kada ya kwana a hannun kowa, ko da ya ce ajiya zai yi maka ko zai rubuta lamba don tallafi. Ran zaɓe ka dangwala a asirce, sa'an nan ka tsaya a ƙirga a gabanka, a faɗi sakamako kowa ya ji.

Shida, kuma shi ya fi wuya. Ka fara da mudunka. Ka fara da shaidar da za ka bayar a kan iyakar gona, ko da ɗan'uwanka ne ba shi da gaskiya. In ɗanka ya samu aikin hukuma, ya fara kawo abin da ya fi albashinsa, kada ka sa masa albarka kafin ka tambaye shi inda ya samo. Da yawa daga cikin ma'aikatan da suka lalace, matsin gida ne ya lalata su: an ce wane ya yi shekara biyu a ofis ya gina bene, kai me kake jira?

Iyayenmu mata, ku aka fi nema da atamfa da sabulu, don an san yawanku a layi. Sai a babban zaɓen 1979 matan Arewa suka fara zaɓen shugaban ƙasa da gwamna, bayan an daɗe ana fafutuka. Abin da aka sha ɗauri kafin a samu, kada a ba da shi a kan sabulun da zai narke kafin sati. Ku ne kuke kwana da yaro mai zazzaɓi, ku kuka san nisan asibiti. Ku zaɓa da wannan a zuciya.

KU AUNA MU DA MUDUN NAN

To, yanzu wani zai ce, duk wannan zaƙin baki don mu zaɓi jam'iyyarku ne. Gaskiya ne, ƙuri'arku muke nema, ba mu ɓoye ba. Amma ga sharaɗin da muka ɗora wa kanmu, ku riƙe takardar nan shaida.

Ba za mu ƙwanƙwasa ƙofar kowa da kuɗi daren zaɓe ba. In wani ya zo muku da kuɗi ko kaya da sunan jam'iyyarmu, ku ƙi, kuma ku faɗi sunansa a dandali. In Allah ya ba mu, sunayen masu samun taki za a manna su a fili, a karanta su a kowace mazaɓa. Kowane aiki da za a yi a ƙauye, za a kafa allo a rubuta kuɗinsa, da sunan ɗan kwangila, da ranar gamawa. Wakilinku zai zo ya zauna gabanku lokaci lokaci ya ba da lissafi, ba sai zaɓe ya zagayo ba. In muka saɓa, ku fito da takardar nan ku karanta mana ita a fuska, sa'an nan ku kayar da mu kamar yadda za ku kayar da kowa. Wanda bai karɓi kuɗinmu ba, ba mu da bakin hana shi.

Dattawa, ku yafe mini in na yi tsauri. Mai son ka shi ke gaya maka rigarka ta yage ta baya. Mahaifina ya rasu bai bar mini shanu ba, amma har yau in na shiga ƙauyenmu aka ce ɗan wane ne, sai a shimfiɗa mini tabarma. Malamin sikelin nan kuwa, ko sunansa ba mai tunawa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya kawo mana zaman lafiya a dazukanmu da hanyoyinmu, ya komo da waɗanda ke hannun miyagu gidajensu lafiya. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya sa mu ma mu zama talakawa masu tsoronsa. Ran zaɓe a fito da wuri, maza da mata, kowa da katinsa a hannunsa.

Wassalamu alaikum.